Audugar Ƙasar Pauwa da Ƙwaron da Ba a Sa a Lissafi Ba

Ƙasar Pauwa, wadda hakiminta Sarkin Pauwa yake zaune a Ƙanƙara, tare da maƙwabtanta na Faskari da Sabuwa, tana kudu maso yammacin Katsina, a daidai inda jigawa take ƙarewa ƙasa mai nauyi ta fara, har a gangara cikin yankin nan da magabata suka kira Katsina Laka. Kuma da yake damina ta fi daɗewa a nan bisa ga yadda take yi a arewa, ƙasar kuma tana riƙe laima bayan ɗaukewar ruwa, sai Allah Ya hore wa mutanenta noman auduga tun zamanin da ba a san jirgin ƙasa ba. Mata su gurje ta a kan dutse, su shiɓe ta da baka, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa, marina su tsoma a karofi, mabuga su buge, fatake kuma su ɗauka zuwa kasuwannin Kano da Zariya da Zamfara. Maska, wadda ba ta da nisa daga nan, ta yi suna a kan saƙa da rini, kuma ya isa shaida a kan girman wannan sana'a a ce sarakunan Katsina na ƙarni na 19 suna karɓar kuɗin karofi kamar yadda suke karɓar kuɗin ƙasa.

Wannan duka sananne ne, malaman tarihi sun rubuta shi, musamman marigayi Yusufu Bala Usman a littafinsa na tarihin Katsina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne ƙarami ƙwarai, wanda ya zauna a ƙarƙashin ganyen audugar nan duk tsawon wannan zamani, yana aiki ba lada ba la'ada, alhali masu rubuta tarihin noma ba su ba shi ko da layi guda ba.

Wanda ya taɓa zama kusa da fitila a ƙauye cikin daren damina ya san irin taron da ake yi a jikin gilashinta. Daga cikin mahalarta akwai wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa, wanda galibi tsawonsa bai wuce santimita guda ba, mai dogayen gashin kai guda biyu da fikafikai huɗu waɗanda jijiyoyi suka ratsa su tsaye da kwance har suka zama raga. Idan ya sauka sai ya kifa su a bayansa kamar jinkar ɗaki, idan kuwa aka taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya faɗi ya yi lamɓo, a ɗauka ya mutu. Bari mu kira shi mai-raga. Yana da ɗan'uwa kore, wanda ya fi shi girma da kyan gani, idonsa yana ƙyalli, kuma ana bambanta su tun daga ƙwai, domin koriyar tana dasa kowane ƙwai a kan wani siririn zare da ta kafa a jikin ganye, ita kuwa mai ruwan ƙasa a kwance take manna nata. Kurkudu, wanda yara suke tonowa daga ɗan raminsa a cikin yashi, shi ma danginsu ne, ko da yake mai kallonsa a wannan hali ba zai yi zaton wata rana zai yi fiffike ya tashi ba.

Fa'idar mai-raga tana ga abincinsa. Manomin ƙasar nan ya san darɓa, wato 'yan ƙwarin nan masu taushi da suke taruwa a bayan ganyen dawa da wake da gyaɗa da auduga, suna tsotse ruwan tsiro, suna zubar da wani abu mai danƙo da zaƙi wanda tururuwa take bi, daga baya kuma ya yi baƙi ya rufe ganye. Hikimar halittarsu abin al'ajabi ce, domin a ƙasashe masu zafi macen ba ta bukatar namiji, 'ya'ya take haifa a raye, 'yar da ta haifa kuma cikin kamar mako guda ita ma ta fara haihuwa. Saboda haka da babu mai rage su, da gona ɗaya ba ta kai kaka ba. To, tsutsar mai-raga tana cikin masu rage su. Siririya ce, mai saurin tafiya, tana da muƙamuƙai biyu masu lanƙwasa waɗanda suke da rami a ciki. Takan soke darɓa da su, ta tsotse abin da ke cikinta, ta yar da fanko, ta nufi ta gaba. Takan yi saɓa sau biyu tana girma, sa'an nan ta saƙa wa kanta ɗan gida na zare a wani lungu ta kwanta, har ta fito da fikafikai. Kuma ko bayan ta balaga ba ta barin cin darɓa, saɓanin da yawa daga cikin korayen, waɗanda idan suka girma sai su koma lasar zaƙin fure.

Malamanmu na zaure ba su jahilci ilmin dabbobi ba. Jahizu na Basra, wanda ya rasu wajen shekara ta 868, ya wallafa Kitabul Hayawan, Damiri na Masar kuma, wanda ya rasu a 1405, ya wallafa Hayatul Hayawan, inda ya jera halittu bisa haruffa, ya kawo ɗabi'ar kowacce da hukuncin cinta da abin da masu magani suka faɗa a kanta. Ga shi kuma surori uku na Alƙur'ani mai girma suna ɗauke da sunan zuma da tururuwa da gizo-gizo. Sai dai tambayar da fiƙihu yake yi wa ƙwaro tambayar hukunci ce: shin yana da jini mai gudana ko ba shi da shi, idan ya mutu a cikin ruwa ko abinci ya najasta shi ko bai najasta ba, ya halatta a ci ko a kashe. A mazhabar Malikiyya mushen abin da ba shi da jini mai gudana tsarkakakke ne, kuma da wannan ƙa'ida guda mas'alar mai-raga ta ƙare a wurin faƙihi, ba tare da ya bukaci ƙirga jijiyar fiffikensa ba. Ban ga aibi a wannan ba, kowane fanni da abin da aka kafa shi dominsa.

Ƙirgar jijiya aikin wasu mutane ne a wata nahiya. A shekara ta 1758 Linnaeus, malamin ƙasar Suwidin, ya sa wa jinsin suna Hemerobius a cikin tsarinsa na halittu, inda kowace halitta take da suna biyu, na jinsi da na nau'i; a 1802 Latreille na Faransa ya ɗaga al'amarin ya zama zuriya sukutum, wadda ake kira Hemerobiidae, a cikin babban rukunin masu fiffiken raga da suke kira Neuroptera; a 1842 kuma Rambur ya ware wani jinsi ya kira shi Micromus, wanda shi ne ya fi shafar mu. Hujjar rabuwar tana da daɗin ji ga mai son tahaƙiƙi: a gindin fiffiken gaba na Hemerobius akwai wata 'yar jijiya da take lanƙwasawa ta koma baya wajen kafaɗa, alhali galibin Micromus ba su da ita. Da aka ci gaba sai aka tarar jijiya kaɗai ba ta wadatar ba, domin nau'i biyu sukan yi kama har gwani ya ruɗe, sai an duba gaɓoɓin ƙarshen cikin namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin a yanke hukunci. Kafin a gane haka an yi ɓarna mai yawa. Wani limamin Kirista ɗan ƙasar Sifen, Longinos Navás, wanda ya mutu a 1938, ya raɗa sunaye masu ɗimbin yawa ga ƙwarin da matafiya da 'yan mishan suke aiko masa daga Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu, sau da yawa bisa ga launi da zanen fiffike kawai, har ya zamana nau'i guda ya tashi da sunaye barkatai. Waɗanda suka biyo bayansa, irin su Kimmins na gidan ajiyar halittu na Landan da Bo Tjeder na Suwidin, wanda ya fitar da babban aikinsa a kan na kudancin Afirka a 1961, sun kashe shekaru suna warware wannan ƙulli. A 1990 Monserrat ya tattara jerin na duniya duka, a 1993 kuma Oswald na Amurka ya sake tsara jinsunan bisa ga nasabarsu. Abin da aka sani yau ya haura nau'i 500.

Game da bazuwarsu, ana samunsu a kowace nahiya ban da ta ƙanƙara da ke ƙarshen kudu, amma ba rabo ɗaya aka yi musu ba. Hemerobius ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi da dazuzzukansu, a Afirka kuwa ya fi son tsaunuka da kudancin nahiyar. Notiobiella da Psectra sun fi karkata ga ƙasashe masu zafi. Shi kuwa Micromus ya game duniya, kuma ɗabi'arsa ce zama a ciyawa da gajerun tsirrai da gonaki, wato daidai inda manomi yake bukatarsa. Ɗaya daga cikinsu, Micromus timidus, wanda Hagen ya siffanta a 1853 daga ƙwarin da aka kamo a Mozambik, ya bazu daga Afirka mai zafi zuwa Indiya har Ostareliya da tsibiran teku. Kuma a 1919 masu noman rake na tsibiran Hawayi suka sa aka ɗauko shi daga Ostareliya aka sake shi a gonakinsu da gangan domin ya ci musu darɓa. A lura da wannan shekara, domin a daidai lokacin ne ake shirin juya noman audugar ƙasar Pauwa.

Asalin juyin daga Ingila ya taso. Masu masaƙun Lankasha sun gaji da dogara ga audugar Amurka, sai suka kafa ƙungiyar noman auduga a Mancesta a 1902, wadda mutanenmu suka san ta da Bisije. Suka ɗora dogon buri a kan Arewa, suna zaton da zarar jirgin ƙasa ya isa Kano, auduga za ta kwararo. Jirgi ya isa a 1911, amma manoman Kano suka yi nasu lissafi suka zaɓi gyaɗa, 'yar audugar da ake nomawa kuma masaƙan gida suka riƙa saye da tsadar da Bature ba ya iya biya. Daga nan hankali ya koma ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau. A 1912 aka shigo da irin Amurka mai dogon zare da ake kira Allen. A 1922 aka buɗe tashar binciken noma a Samaru. A cikin shekarun 1920 kuma aka kafa gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, aka gina injin gurza a Funtuwa, aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Tsarin kuwa shi ne, a zaɓi iri a Samaru, a yawaita shi a Daudawa, a ba manoman kewayenta su ƙara yawaita shi, sa'an nan a raba anguryar ga sauran ƙasa ta hannun hakimai da dagatai. Ta haka wani ƙauye na Faskari ya zama mafarin audugar da aka noma a lardi bayan lardi. A nan ma aka yi ta koya wa mutane noman shanu. Da kaka a kai auduga fuloti, malamin duba ya tsoma hannu cikin buhu ya ware ta lamba ɗaya da lamba biyu, a auna, a biya.

Sabon iri ya zo da sababbin damuwa, ko kuwa in ce ya sa an fara rubuta tsofaffin. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga iri-iri ce, akwai ja, akwai mai ƙaya, akwai wadda take cin masara da tumatir ma. Akwai jan ƙwaron nan mai ɓata farin auduga da tabo. Akwai wani ɗan tsalle kore mai sa ganye ya naɗe ya yi ja, wanda aka gano cewa auduga mai gashi a ganye ta fi jure masa, har masu zaɓen iri a Samaru suka sa wannan siffa cikin abin da suke nema. Aka kafa doka cewa bayan tsinka a tuge karan auduga a ƙone, kada tsutsa ta sami mafaka ta ƙetare rani, En'e kuma ta tsaya a kan zartar da ita. Abin da ba a gane ba a kan sa shi a kwalba a aika Landan, inda aka kafa ofishin ilmin ƙwari na daular Ingila tun 1913. A 1958 kuma Pearson ya fitar da babban littafinsa a kan ƙwarin da ke ɓarnar auduga a Afirka mai zafi. Duk wannan aiki ne na ƙwarai, ba na raina shi. Sai dai an gina shi a kan tambaya guda, wato wane ne yake cin audugar. Tambayar wane ne yake cin mai cin audugar ta zo a baya, a gefen shafi, kuma kuɗin bincike ba ita ya bi ba.

Shi manomi, a nasa ɓangare, ya yi ta saɓa wa malamin gona a kan abu biyu, kuma an daɗe ana kiran wannan taurin kai. An ce ya shuka auduga da wuri, a watan Yuni, shi kuwa sai ya gama da gero da dawa tukuna, ya shuka ta a Yuli. An ce ya shuka ta ita kaɗai a jere, shi kuwa ya fi son ya gauraya amfaninsa, gero da dawa da wake, gyaɗa a tsakani, kuɓewa da yakuwa a gefe, kuka da ɗorawa da kaɗanya a tsaye cikin gona. Sai a shekarun 1960 da 1970, da David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka zauna a ƙauyukan Zazzau suna ƙirga kwanakin aiki da abin da gona take bayarwa, aka tabbatar a rubuce cewa mutumin nan yana da hujja: hannu bai isa a yi duka a lokaci guda ba, abinci kuma shi ne gaba da kuɗi, gaurayen shuka kuwa yana rage hasara idan shekara ta ƙi. A ganina akwai wata maslaha ta uku da ba a sa a wancan lissafi ba. Gonar da take da tsiro iri-iri, wani ya nuna wani yana fure, ba ta rasa 'yar darɓa kaɗan a wani lungu tun farkon damina, kuma wannan kaɗan ɗin ita ce take riƙe mai-raga da jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo da sauran maharba a cikin gona, har lokacin da auduga za ta bukace su. Itatuwa da ciyawar iyaka da fadama kuma su ne matsuguninsu da rani. Manomin bai yi haka domin su ba, amma sun ci moriyar tsarinsa, shi ma ya ci tasu.

Sa'an nan zamanin feshi ya zo. An gano ƙarfin DDT a kan ƙwari a 1939, bayan yaƙin duniya na biyu kuma shi da ire-irensa suka bazu a gonakin auduga na duniya, kuma gaskiya ne cewa audugar da aka shuka da wuri aka fesa ta fi wadda ba a fesa ba nesa ba kusa ba. A ƙasar nan feshi bai kama sosai ba sai da aka buɗe shirin raya noma na Funtuwa a 1975 da rancen Bankin Duniya, wanda ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari, aka yi hanyoyi, aka kafa cibiyoyin sayar da taki da magani, aka kawo 'yar na'urar feshin nan mai batir wadda ba ta bukatar a yi ta jidar ruwa. Abin da ya fi fitowa daga shirin ma ba auduga ba ce, masara ce, wadda ta sami taki ta mamaye gonakin da a da dawa da auduga suke. Amma guba ba ta tambayar ƙwaro sana'arsa kafin ta kashe shi, kuma da yake darɓa tana hayayyafa cikin mako, maharbinta kuwa sai ya yi makonni kafin ya zagayo daga ƙwai zuwa ƙwai, duk feshin da ya share su tare ya bar filin ga wanda ya fi saurin dawowa. An ga haka ƙarara a kwarin Kanyete na ƙasar Peru a tsakiyar shekarun 1950, inda yawan feshi ya tayar da ƙwarin da a da ba a san su da ɓarna ba, har noman auduga ya durƙushe, sai da aka rage magani aka maido da maharba. An kuma ga irinsa a Jazira ta Sudan a ƙarshen shekarun 1970, inda farin ƙuda ya ɓata auduga da danƙo.

Shekarar 1975 ɗin nan dai ita ce ta nuna wa Arewa abin da darɓa take iyawa. Bayan farin da aka sha a shekarun da suka gabace ta, sai darɓar gyaɗa ta taso da yawan da ba a saba gani ba, tana ɗauke da cutar nan mai sa gyaɗa ta ƙanƙance ta dunƙule ganyenta ya yi rawaya, ta halaka gyaɗar da ta kai kadada 700,000, hasarar da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 250. Kuma daga wannan bugu dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba. Ba zan ce da an kiyaye mai-raga da annobar ba ta auku ba, domin darɓa takan sa cutar tun kafin maharbi ya cim mata. Abin da binciken Arewa ya nuna tun shekarun 1960 shi ne cewa shuka da wuri da matse tsakanin shuka suna rage ta. Amma ƙasar da ƙwaro mai taushi irin wannan ya karya mata babbar hajarta ta cancanci ta san maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya, da sunansu da lokacin fitowarsu.

A kudancin Nijeriya an gwada wannan hanya an ga amfaninta. Da wani farin ƙwaro mai kama da gari ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu ya far wa rogo a shekarun 1970, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, a wani shiri ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, ta koma can mahaifarsa ta nemo maƙiyansa, ta fara sakinsu a 1981. A cikin waɗanda aka kawo har da wani mai-raga, Sympherobius maculipennis, ko da yake wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya yi aikin da ya ceci rogon nahiyar.

Ita kuwa audugar Pauwa, tun da aka rushe hukumar cinikinta a 1986, masaƙun Kaduna da Kano kuma suka yi ta rufewa, sai ta ja baya, masara da waken suya suka karɓi gurbinta. A 'yan shekarun nan kuma ta'addancin 'yan bindiga ya hana mutanen ƙauyuka da yawa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa isa gonakinsu na nesa. Maganin feshi ya koma hannun 'yan kasuwa, ana sayar da shi a ranar kasuwa kusa da taki da iri, mai saye ya tambayi wanda ya fi ƙarfi, mai sayarwa ya miƙa masa. A 2018 hukuma ta amince da sabon irin auduga da aka sarrafa halittarsa, wanda aka gwada tare da cibiyar Samaru, ganyensa da ƙwallonsa suna ɗauke da abin da yake kashe tsutsa mai huda. Wannan yana rage bukatar feshi saboda tsutsa, amma ba ya taɓa darɓa da sauran masu tsotso, waɗanda ko dai a sake saye musu magani ko a bar su ga masu cinsu.